Ɗaya Gaba, Ɗaya Baya

A unguwarmu ta Briqueterie, in kana son ka ji ƙarya mai ladabi, tara samari da 'yan mata a gaban babba, ka miƙa musu lemo mai sanyi, sannan ka tambaye su ra'ayinsu. Abin da Madam Fadimatu ta yi ke nan, da zuciya ɗaya kuwa. Likitar damuwa ce, ta karanci halayyar ɗan Adam a jami'a, wata ƙungiya ta turo ta unguwarmu don ta buɗe wa matasa wurin da za su riƙa zuwa suna sauke abin da ke cin ransu. Ta ce ko ƙusa ba za ta kafa ba sai ta ji ta bakin waɗanda za a yi abin dominsu. Ta kira su, suka zo. Ta nuna musu ɗakin da aka kama a bayan layin teloli: kujeru biyu masu laushi suna kallon juna, ɗan tebur a tsakani da furen roba a kai, bango fari fat. Ta tambaye su yaya suka gani, suka ce ya yi kyau. Ta ce me ya kamata a canza, suka sunkuyar da kai suka ce ai komai ya yi daidai, Allah Ya saka da alheri.

Suna fita suka tsaya a wurin mai tsire suka yi wa ɗakin kaca-kaca. Wanda ya fi kowa zaƙewa shi ne Mahmudu, Bafulatanin Garwa mai ɗinkin surfani, wanda bakinsa da kekensa ba a san wanne ya fi gudu ba. Ya ce shi dai da ya ga kujerun nan sai ya tuna ofishin 'yan sanda, saura kawai a ce masa ya fito da katin shaida. Aka kwashe da dariya. Shi ne kuma mutumin da a ciki ya dafa ƙirji ya ce wa Madam ko a Turai sai haka.

Kulsum tana cikinsu, amma ba ta yi dariya ba. Ita ba lemo ya kawo ta taron ba. Yayanta Siddiƙ ne ya kawo ta, ko da yake shi bai ma san an yi taron ba.

Siddiƙ ɗan moto ne, wato mai haya da babur, yana ɗaukar fasinja daga kasuwar Mokolo zuwa duk inda tayar babur za ta iya hawa. Da can an san shi da surutu. In ya ɗauke ka daga kasuwa, kafin ku kai unguwar Elig-Edzoa ka san sunan kakarsa da abin da ya ci da safe, shi ma ya san dalilin da ya sa matarka ta yi yaji. A daminar bara ya goya amininsa Garga, suna gangarowa ta hanyar unguwar Madagascar ana ruwa, taya ta zame. Siddiƙ ya tashi da ƙujewa a gwiwar hannu. Garga bai tashi ba. Tun daga ranar aka jingine babur ɗin a zaure aka lulluɓe shi da tsohon zane, mai shi kuma ya shige ɗaki. Abinci sai an yi da gaske yake taɓawa. In ka gaishe shi ya ce lafiya lau, ka sake tambaya ya sake cewa lafiya lau, har kunya ta kama ka ka tashi.

Gidan ba su zauna haka nan ba. An yi addu'a, an yi sadaka, an kai shi asibiti aka duba kai aka ce babu abin da ya taɓu. Daga ƙarshe mahaifinsu, Alhaji Mohaman Bello mai atamfa, ya yanke shawara: da an yi Babbar Sallah za a sa Siddiƙ a jirgin ƙasa ya tafi arewa wurin kawunsa a ƙauye, ya kama noma, ya yi nesa da ƙarar babura. Alhaji ba mugunta yake nufi ba, dabara ce ta ƙare masa. Amma Kulsum ta san yayanta. A nan ma da take tsaye a kansa yana neman ƙarewa a zaune, ina ga can inda ba wanda zai tambaye shi sau biyu? Tsoro take ji ƙwarai, kuma ba ta ɓoye wa kanta abin da take tsoro ba: in ya tafi da wannan shirun, ba lallai ya dawo ba.

Shi ya sa da aka buɗe ɗakin Madam ta yi ta lallaɓa shi, da roƙo da fushi da hawaye, har ya yarda ya je. Madam ta tarbe shi da fara'a, ta zaunar da shi, ta zauna a gabansa, ta ɗan ranƙwafo ta zuba masa ido cike da tausayi, yadda aka koya mata. Siddiƙ, wanda tun yana yaro aka hore shi da cewa ba a kallon babba ido cikin ido, ya kafa wa furen roba ido. Ta tambaye shi abin da ke damunsa, ya ce babu komai. Ko gumin hanya bai bushe masa ba ya miƙe ya yi godiya ya fita. Kulsum ta tare shi a ƙofar gida, ya ce mata matar tana da kirki, ya wuce ɗaki.

Shi ne kaɗai matashin da ya taɓa zama a kujerar nan. Ban da shi sai wata tsohuwa da ta leƙo tana neman maganin hawan jini.

Da Madam ta ga makonni suna wucewa tana zaune ita da furen roba, sai ta sake kiran matasan. Wannan karon ba ta kawo lemo ba. Ta ce musu ta gaji, ta san akwai abin da ba daidai ba, don Allah su gaya mata. Suka dubi juna. Wani ya ce a yi haƙuri, mutane za su saba. Wata ta ce ai damina ce. Kulsum ta buɗe baki, ta dubi matar nan da ta isa ta haife ta, ta fasa. Haka aka rene mu, babba ya yi maka abin arziki ba ka ce masa bai iya ba.

Ana cikin wannan jan ƙafar wayar Madam ta yi ƙara. Mahaifiyarta ce daga Kusiri. Ta ba da haƙuri ta juya gefe ta amsa, sai ga harshe ya canza, ba Faransanci ba, ba Hausa ba, ba Fillanci ba. Mahmudu, da ya kwanto a kujera kamar mai jiran a sallame shi, ya miƙe zaune ya kasa kunne. Tana ajiye wayar ya ce, cikin wata murya da ba a taɓa jin ya yi mata ba:

"Madam, wai Barbarci na ji kina yi?"

Ta ce e, ita Babarbariya ce gaba da baya.

Wanda bai san mu ba sai a yi masa bayani. Tsakanin Fulani da Barebari akwai wasa tun kaka da kakanni. Kowanne yana cewa shi ne ubangidan ɗayan, kuma duk abin da ya faɗa masa, komai ɗacinsa, ba a fushi. Yaro Bafulatani yana iya tsayawa gaban dattijon Babarbare ya zazzage masa, dattijon ya rama, a rabu ana dariya.

Mahmudu ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. "Ashe duk kwanakin nan baiwata nake ta rusuna wa. Kai, na yi asarar ladabi."

Wasu suka kama baki. Madam ta dube shi, har Kulsum ta fara tunanin ta inda za a fita. Sai matar ta tuntsire da dariya, irin dariyar da ba mu san tana da ita ba. Ta ce yaushe ɗan Fulani da ko tuwon kirki bai ƙoshi da shi ba ya sami baiwa, in iska ta taso ma sai an riƙe shi. Sannan ta gyara zama, idonta ya yi wani haske, ta ce:

"To, tunda ka ce kai ne ubangidana, duba aikina. Ɗakin nan, yaya ka gan shi?"

"Bai yi ba," in ji Mahmudu. "Ko kaɗan bai yi ba. Aikin Barebari ne."

Daga nan bakin kowa ya buɗe. Da ma maganar cike take, hanya ta rasa. Duk wanda zai faɗi mai zafi sai ya fara da cewa ba shi ya faɗa ba, Mahmudu ne ya aiko shi, Mahmudu kuwa yana gyaɗa kai kamar hakimi. Suka ce allon da aka kafa a ƙofa mai maganar lafiyar ƙwaƙwalwa a cire shi, don duk wanda aka gani ya shiga, kafin magariba an gama yi masa sunan mahaukaci. Suka ce a daina ba mutum rana da sa'a, damuwa ba ta san rendez-vous ba. Madam ba ta kare kanta ko sau ɗaya ba, sai tambaya take ƙarawa. Amma duk inda aka zaga sai a dawo kan kujerun. Wata yarinya mai suna Zuhura ta ce ita a duniya ba wanda ya san cikinta kamar mai yi mata kitso, kuma don ba ta ganin fuskarta ne. Kulsum, da ta sami murya a ƙarshe, ta ce kallon da Madam take yi wa mutum kallon alheri ne, amma mu a nan in babba ya zuba maka ido, laifi ka yi.

Sai dai da aka zo kan yadda za a gyara, aka rabu. Wasu suka ce a shimfiɗa tabarma, wasu suka ce a sa labule a tsakani, Mahmudu ya ce a kashe fitila kawai. Aka yi ta musu har Madam ta ɗaga hannu ta ce dukansu suna da gaskiya, amma cikinsu ba wanda ya taɓa zama a kujerar nan da kaya a zuciya. Wanda ya zauna ya kasa, shi ya fi kowa sanin abin da ya hana shi. Ba ta kama sunan kowa ba, ko kallon Kulsum ba ta yi ba. Kulsum ce da kanta ta ce yayanta ne, kuma ba zai dawo don a yi masa magani ba, ko za a ɗaure shi. Sannan ta ce amma tunda take da shi ba ta taɓa ganin an ce masa zo ka taimaka ya ƙi ba.

Washegari bayan la'asar ta tsaya a ƙofar ɗakinsa. Ba ta tambaye shi jiki ba, ba ta yi muryar lallashi ba. Ta ce, "Yaya, aiki ya gagare mu. An ba mu ɗakin Madam mu gyara, mun rasa inda za mu sa kujeru, kuma kai kaɗai ka taɓa zama a ciki. Zo ka duba mana." Har ta juya za ta tafi ta ji yana laluben takalmi.

Ya tarar da su su shida ko bakwai, an ja kujerun tsakiyar ɗaki ana gardama a kansu. Ya gaishe da Madam yana kallon ƙasa. Ta amsa a gajarce, ta ce masa ga ɗaki nan, yadda ya ce haka za a yi. Ya tsaya yana dubawa. Abu na farko, ya ɗauki teburin da furensa ya kai waje. Ya dawo ya ja kujera ɗaya ya fuskantar da ita taga, inda ake hango rufin gidaje suna gangarawa da hayaƙin masu tsire. Ya ja ta biyun ya ajiye ta a bayan ta farko, dab da ita.

Mahmudu ya zagaya su ya ce, "Wannan ai moto ne."

Ba wanda ya zaci Siddiƙ zai amsa, sai ga shi yana magana, a hankali, muryar ta dushe don rashin aiki. Ya ce shekarun da ya yi yana tuƙi ya ji abin da ko liman bai ji ba. Mutum zai hau bayansa ya faɗi abin da bai taɓa gaya wa uwarsa ba, shi ma haka, don ba mai ganin idon wani, kowa hanya yake kallo. Madam ta tambaye shi wa zai zauna a gaba. Ya ce mai maganar, don shi ke riƙe da kan babur, inda ya ga dama ya tsaya. Ta ce ita fa aikinta yana buƙatar ta riƙa ganin fuskar mutum. Ya yi tunani ya ce wannan mai sauƙi ne, a ɗaura madubin moto a hannun kujerar gaba, mai magana in ya so ya juya shi su ga juna, in bai so ba ya kawar.

"A gwada mu gani," in ji Madam, ta zauna a kujerar baya.

Kowa ya tsaya. Siddiƙ ya dubi kujerar gaba, ya dubi ƙanwarsa. Ya zauna, wai don ya ga ko tazarar ta yi. Ya ce a ɗan matso, Madam ta matso. Hannayensa suka sauka a kan gwiwoyinsa, a buɗe, yadda ake riƙe kan babur. Bai tashi ba. Madam ta yi wa sauran alama da yatsa daga bayansa, suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, har Mahmudu ya fita a kan yatsun ƙafa. Kulsum ce ta ƙarshe. Hannunta yana kan ƙofa ta ji yayanta ya ce, yana kallon taga:

"Daidai nan yake zaune. Ya ce mini in rage gudu, na yi masa dariya."

Ta ja ƙofar ta rufe. Sauran ba nata ba ne.

Ta zauna a kan dakalin teloli. Ba ta jin kalmomin, amma tana jin muryar ta cikin bango, tana tafiya, ta tsaya, ta karye, ta sake tashi. Kekunan ɗinki suna ta aiki, yara suna wasa a kwata, ita kuwa tana kuka a fili ba ta damu da mai kallo ba, kukan murna ne da ya daɗe yana jiran rana. Mahmudu ya zauna nesa kaɗan, kuma unguwa shaida ce, ranar ya yi kusan sa'a guda bai ce uffan ba. Sai da aka kira magariba ƙofar ta buɗe. Idon Siddiƙ ya yi ja ya kumbura. Ya dubi Kulsum ya ce yunwa yake ji.

Kada in yi muku ƙarya, bai warke a ranar ba. Akwai kwanakin da ya koma ɗaki ya rufe, akwai ranar da ya je ya zauna a kujerar gaba bai ce komai ba har ya tashi. Amma yana komawa. Shi ya kwance madubin babur ɗinsa ya ɗaura a kujerar da hannunsa. Aka cire allon ƙofa, aka buɗe wata hanya ta cikin shagon su Mahmudu, yadda mai shiga ba a san ko ɗinki ya kawo ba. 'Yan moto suka fara zuwa, da farko wai don su ga abin da Siddiƙ ya ƙera, daga baya kowa da nasa. In ɗaya ya ce wa ɗan'uwansa zai je ya hau moton Madam, an gane, ba a ƙara tambaya. 'Yan mata suka kawo 'yar kujerar tsugunne irin ta kitso suka ce su a ƙasa za su zauna. Madam ta mai da taron matasan na kowane wata, kuma ba ta buɗe shi sai ta tsokani Mahmudu ya rama, sannan a shiga magana. Har daga Madagascar da Elig-Edzoa aka riƙa zuwa kallon kujeru biyu, a koma a yi irinsu. Mu kuwa 'yan Brik, wato Briqueterie, muka riƙa tafiya muna ɗaga kai, kamar dukanmu muka ja kujerar.

Sallah ta zo ta wuce. Kulsum tana ta jiran Alhaji ya ta da maganar jirgi, tana kasa kunne duk lokacin da ya yi gyaran murya. Wata safiya ta shirya za ta Mokolo sayen kayan miya, ta fito zaure ta tarar an yaye zanen. Siddiƙ yana tsugune yana goge babur ɗin, ya sayo sabon madubi ya ɗaura a gurbin wancan. Alhaji yana tsaye a bakin ƙofa da carbi a hannu, ya fasa fita kasuwa, yana kallon ɗansa. Siddiƙ ya tura babur ɗin waje, ya taka, ya ƙi tashi, ya sake takawa ya kama. Ya dubi mahaifinsa ya ce zai kai Kulsum kasuwa ya dawo.

Alhaji ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce in sun dawo Siddiƙ ya biyo ta shago, akwai atamfofin da za a kai wa wata mata a Elig-Edzoa, gobe ma akwai, jibi ma haka. Maganar ƙauye ba a sake jin ta a gidan ba.

Kulsum ta hau baya ta kama rigarsa. Suka gangara a hankali, har masu tafiya a ƙasa suna neman wuce su. Ba su kai bakin titi ba ya fara: wai ta san mai tsiren kwanar nan ya ƙara aure, wai tayar gaba tana son canji, wai Garga ne ya koya masa wannan 'yar hanyar da ke ɓullewa bayan kasuwa, kuma shi ma a lokacin ɓata suka yi. Ya faɗi sunan ya wuce, muryarsa ba ta karye ba.

"Yaya," in ji Kulsum, tana share ido da gefen mayafi, "ka cika surutu."

"Riƙe ni da kyau," ya ce. "Ban ma fara ba."